Juji Ɗaya, Ciyamomi Takwas

Akwai wata bola a bakin layinmu wadda ta girmi ɗana na fari, shi kuwa yanzu har ya fara ajiye gashin baki. Tana zaune ne daidai kan wata kwata da aka ce ita ce iyakar ƙananan hukumomi biyu na cikin birnin Kano. Rabinta na wannan ɓangare, rabinta na wancan, ɗoyinta kuwa na kowa da kowa. Wata shekara da damina ta kawo jiki, tsoron ambaliya ya sa muka tashi mu huɗu, har da mai unguwa, muka tafi sakatariyar ƙaramar hukumarmu. Bayan doguwar jira wani jami'i ya saurare mu, ya tambayi kwatancen wurin, sannan ya yi murmushi ya ce da mai unguwa, "Ranka ya daɗe, ai wannan bolar ba tamu ba ce, ta maƙwabta ce." Muka kwashi ƙafa sai sakatariyar maƙwabtan. Can ma aka ce mana ai mutanen ɓangarenmu ne ke zuba sharar, don haka mu koma inda muka fito. Abu ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya a kansa, wato wai kwashe shara aikin gwamnatin jiha ne.

Tun daga ranar nake neman wanda zai nuna mani inda aka rubuta haka, har yau ban samu ba. Abin da na samu a rubuce akasin haka ne. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya jero ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a cikinsu akwai samar da makewayin jama'a da kula da shi, da kwashe ƙazanta da shara. Yana nan a jere ɗaya da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu. To abin mamaki, ba a taɓa jin wani ciyaman ya ce karɓar kuɗin rumfar kasuwa ko harajin tasha aikin jiha ne ba. A nan kowa ya san iyakarsa har taku, kuma idan ɗan rasit na wata ƙaramar hukuma ya ƙetaro, ranar sai an raba su da ƙyar. Sai an zo kan juji ne taswira ke ɓacewa.

Mai karatu, kada ka ɗauka ina kira ne kowane ciyaman ya sayi tifa biyu ya fara kwasar tasa sharar shi kaɗai. Wannan ma shi ne abin da nake tsoro, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba, ta kuma haramta ɗora kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, wannan wani zance ne daban. Amma tun daga lokacin na ji mutane da dama, har da masu ilimin da nake ganin girmansu, suna cewa ai da zarar kuɗi sun shiga hannun ciyamomi, matsalar shara ta ƙare, kowa zai share ƙofar gidansa. Ni kuwa na ce a Kano wannan magana wasan yara ce.

Dalilina shi ne Kano gari ɗaya ne. Abin da muke kira ƙwaryar birni ƙananan hukumomi takwas ne: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ƙidayar 2006 ta ba su mutum wajen miliyan 2.8, kuma duk mai ido ya san abin da aka ƙaru da shi daga wancan lokaci zuwa yau ba kaɗan ba ne. Wanda ya shiga mota daga Na'ibawa zuwa Kurna zai ratsa ƙananan hukumomi da yawa ba tare da ya ga gona ɗaya ta raba su ba. Ɗan kasuwar da ke kwana a Panshekara ko Rijiyar Zaki, a Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari yake wuni, duk a cikin Fagge. Can yake cin abincin rana, can yake shan fiya wata, can yake kwance dilar kaya ya yar da leda da kwali. To wannan shara ta wace ce? Ta Fagge da ta karɓi baƙuncinsa, ko ta inda aka ƙidaya shi aka kuma karɓi kaso da sunansa? Sannan ko an ce ta Fagge ce, ina Fagge za ta kai ta? A nuna mani fili ɗaya da ya rage a Fagge ko Dala ko cikin Birni wanda za a mayar juji ba tare da an jingina shi da bangon wani ba. Kududdufan da aka gada, waɗanda aka haƙa don yin tubalin ginin gari suka zama matattarar ruwan sama, da shara aka cike yawancinsu, aka yanka fulotai aka sayar. Yau ga shi babu kududdufi, babu wurin zuba shara, ruwa kuma ya rasa masauki sai ɗakunan mutane.

Ruwan ma kansa bai san sunan ciyaman ba. Ɗauki Jakara. Daga cikin gari take tasowa, ta bi ta gefen Kurmi, ta ratsa Fagge, ta kwashi abin da mayanka da kasuwanni suka zuba mata, ta nufi arewa maso gabas, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ta je ta zube a dam ɗin Wasai can wajen Minjibir. An rufe wani sashe nata a cikin gari an shimfiɗa titi a kai a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, abin ya yi kyau a ido, amma rufe tukunya ba ya canza abin da ke cikinta. Ledar da yaro ya jefa a kwata a Dala, mutumin Minjibir da bai taɓa zaɓen ciyaman na Dala ba shi zai tsince ta a komarsa. Da wannan ruwa kuma masu lambu na bakin rafin ke ban-ruwan latas da alayyafo da kabeji, a yanko a kawo kasuwa, mu saya mu kai gida a yi mana kwaɗo. Abin da muka tura ƙauye da safe, shi muke ci da dare. Idan ciyaman ɗaya ya tashi da gaske ya yashe tasa kwatar tas, na sama da shi kuma ya yi barci, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan haɗin kai da muke ta nema kamar wani ilimin Nasara, kakanninmu sun yi shi ba tare da taron bita ko takardar yarjejeniya ba. Duk wanda ya girma a cikin birni ya ji labarin, wasunmu ma sun tarar da ƙarshensa. Da rani mutanen karkara ke shigowa ta ƙofofin gari da jakuna ɗauke da itace da kara da amfanin gona, idan za su koma kuma su cika mangala da takin birni: toka, sharar tsakar gida, kashin awaki da tumaki da na kaji, ɓawon gyaɗa, duk abin da gida ya fitar. Wannan taki shi ya riƙe gonakin kewayen Kano ana noma su shekara da shekaru babu hutu ba su mutu ba, har Baturen nan masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya zo a shekarun 1960 ya yi ta nazarin yadda ƙasa ɗaya ke ciyar da jama'a mai yawa haka. A wancan zamani juji dukiya ne, har rigima ake yi a kan wanda zai kwashe shi. Birni ya rabu da ƙazantarsa, ƙauye ya sami abincin gonarsa, jaki ya yi aikin tifa. A gefe guda kuma ga duba-gari na zamanin En'e, wanda matan gida ke jin labarin zuwansa su hau wanke randa. Hukuma ɗaya ce ke kallon garin gaba ɗayansa da ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Abu biyu suka kashe wannan ciniki. Na farko leda. Tun da ta shigo ta gauraye da toka da kashin dabbobi, takin birni ya zama abin da sai manomi ya zauna ya tsince shi kafin ya watsa, kuma duk da haka idan ka bi gonakin bakin gari da rani za ka ga baƙar leda ta yi musu fure. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar da ta yi kiwo a bola. Na biyu kuwa yankan gari gunduwa-gunduwa. Daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 zuwa 1996 da jihar Kano ta kai 44, an yi ta tsaga ana ƙara tsagawa, kowane yanki da sakatariyarsa da motar ciyaman da kansilolinsa. Ban ce ƙirƙiro su laifi ne ba, an kawo hukuma kusa da jama'a, ko aƙalla haka aka ce. Amma wanda ya tsinka maɗaurin tsintsiya ya raba wa mutum takwas tsinke-tsinke, bai kamata ya yi mamaki ba idan ɗaki ya ƙi sharuwa.

Masu cewa a bar wa jiha komai za su ce, to ai shi ya sa aka kafa hukumar kwashe shara ta REMASAB a 2003, domin ta zama maɗaurin. Na yarda da niyyar. Na kuma san leburorin da ke share manyan tituna tun asuba, yawancinsu dattawa, ba su da laifin kowa. Amma shekara ashirin da ɗoriya sun isa a auna tsari. Abin da ya faru shi ne jiha ta ɗauki aikin, ƙananan hukumomi suka sami mafaka. Hukumar jiha idonta na kan titin da gwamna ke bi da wanda baƙi ke gani. Lungun da baro ma da ƙyar yake shiga, wa ya san shi in ba kansila da mai unguwa ba? Su kuma an koya musu cewa ba ruwansu. A 2021 gwamnatin Ganduje ta miƙa aikin ga wani kamfani mai zaman kansa, aka yi ta alkawarin za a mayar da shara wutar lantarki da taki, a shekarar da ta biyo baya aka soke yarjejeniyar bayan gari ya cika da tsibin bola. A duk wannan kai-komo ban ji ciyaman ɗaya ya fito ya ce, tsaya, wannan aiki nawa ne a tsarin mulki, da wa aka yi shawara? Shiru kake ji. Wanda bai yi kishin aikinsa ba lokacin da aka karɓe shi, ina dalilin da zai sa mu yarda zai yi kishinsa ranar da aka ba shi kuɗin?

Sai kuma tsaftar ƙarshen wata, wadda muka gada daga zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon. A tsare mutane a gida safiyar Asabar, a kafa kotun tafi-da-gidanka a ci tarar mai adaidaita sahu da mai kai mara lafiya asibiti, manya su zagaya da jerin motoci ana ɗaukar hoto. Matasa su fito da zuciya ɗaya su yashe kwata, su tara baƙin taɓo a bakin titi. Daga nan fa? Babu motar da za ta zo. Rana ta busar da shi, akuya ta tona, iska ta watsa, ruwa ya mayar da shi cikin kwatar da aka ciro shi. Wata mai zuwa a sake. Sannan wani ya hau rediyo ya ce matsalar ita ce mutanenmu ƙazamai ne. An bar jaki ana dukan taiki. Matar da ke share tsakar gidanta sau biyu a rana, ta tara sharar a tsohon bokiti ta ba almajiri naira hamsin ya kai bola, ita ce ƙazama? Ina aka ce ta kai ba ta kai ba?

Ga abin da nake nufi da haɗin kai, don kada a ce zagi kawai na iya. Ciyamomin nan takwas su zauna a teburi ɗaya, su jawo na kewaye da su waɗanda ke da fili da gonaki, irin su Dawakin Kudu da Gezawa da Minjibir da Dawakin Tofa da Madobi, su kafa hukumar shara tasu ta haɗin gwiwa, da yarjejeniya a rubuce wadda majalisar kowace ƙaramar hukuma ta amince da ita. Kowa ya zuba kuɗi gwargwadon yawan jama'arsa da yawan kasuwanninsa. Tattaro shara daga gida zuwa matattara ya zauna a hannun kowace ƙaramar hukuma da masu unguwanninta, domin su suka san lungu. Daga matattara zuwa babban juji kuwa, da manyan motoci da katafila da gareji da makanikai, wannan na kowa ne, domin babu ƙaramar hukuma ɗaya da za ta iya riƙe su ita kaɗai. Mun sha ganin tifar da aka yi bikin sayenta ta kwana shekara a kan duwatsu saboda taya biyu.

Wurin da za a fi jin jiki shi ne maganar juji, kuma a nan nake so mutanen karkara su buɗe ido. Babu adalci a ce birni ya kwaso ƙazantarsa ya jibge a bayan garin wani kyauta, ya bar shi da ƙuda da hayaƙi da gurɓatacciyar rijiya. Duk ƙaramar hukumar da ta ba da fili, a biya ta a kan kowace mota da ta sauke, kuɗin kuma a gan su a asibiti da rijiyar burtsatse na ƙauyen da ke maƙwabtaka da jujin, ba a sabon gidan wani a birni ba. Idan kuma aka raba toka da ragowar abinci da sharar kasuwar 'Yankaba da ta 'Yan Lemo daga leda tun daga tushe, abin da zai isa ƙauye taki ne, a lokacin da buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ka ga an koma cinikin kakanni ke nan, sai dai tifa ta maye gurbin jaki.

Wani zai ce ina aka taɓa yin haka? An yi, kuma ba a aljanna ba. A 1986 gwamnatin Ingila ta rushe babbar majalisar da ke kula da birnin Landan gaba ɗaya, ƙananan hukumomi suka wayi gari kowa da sharar da ba shi da inda zai kai. Bakwai daga cikinsu a arewacin birnin aka haɗa su a hukumar shara ɗaya, kansilolinsu ke zama a cikinta, kowace na biyan kasonta, kuma har yau tana aiki. A yankin Manchesta ma tara aka haɗa a wannan shekara. Mutanen nan jam'iyyunsu daban-daban ne, suna kuma faɗa da juna kamar kowa. Lissafi ne ya tilasta musu. Mu da a zaɓen ƙananan hukumomi jam'iyyar gwamna ke lashe kujeru duka 44, kamar yadda aka yi a Oktoban 2024 da kuma zaɓukan da suka gabace shi a ƙarƙashin wata jam'iyyar, ai ko uzurin bambancin siyasa ba mu da shi. 'Yan gida ɗaya ne, tare suke zuwa ɗaurin aure, tare suke rakiyar gwamna filin jirgi.

Akwai kuma mutanen da duk wani tsari da ya tsallake su ya mutu tun kafin a haife shi, wato 'yan jari-bola. Su kaɗai ne a garin nan suka daɗe da gane cewa shara ba ta da iyaka. Yaro ya tashi da buhu da ɗan maganaɗisu ya ratsa ƙananan hukumomi uku kafin azahar, ya kai wa dillali a auna, dillali ya tara ya kai inda ake niƙa roba a Sharaɗa ko Dakata, ta dawo mana a matsayin buta da bokiti da silifa. Ƙarfe ya bi tasa hanyar, gwangwanin lemo ya je wurin masu zuba tukwane. Babu gwamnatin da ta tsara wannan, yunwa ce da basira. Na san ƙorafin da ake yi, kuma gaskiya ne: a cikinsu akwai masu cire murfin kwalbati da wayar wuta da ƙofar gidan da ba kowa. Amma maganin da hukumomi suka fi so, wato wannan ƙaramar hukuma ta kore su yau, gobe su ɓulla a ta kusa da ita, wasan ɓuya ne kawai. Rajista ɗaya ga dillalai a duk faɗin birnin, da ƙa'ida ɗaya ta abin da aka hana saye, da wuri a kowace matattara inda za su tsinci kayansu da safar hannu da takalmi, sannan a cire ƙananan yara daga cikin bola, wannan sai an haɗu ake iya shi. Haka ma maganar taƙaita leda. Legas ta hana kwanon abinci na soso a farkon 2024, Ruwanda ta hana leda tun 2008. Ko ana so a bi sahunsu ko ba a so, dokar da Tarauni za ta kafa Nasarawa ba ta kafa ba, tsallaka titi kawai mai shago zai yi.

Na san abin da ke hana wannan zama, kuma ba jahilci ba ne. Asusun da mutum takwas ke sa wa ido yana da wuyar taɓawa. Kwangilar kwashe shara kuwa ita ce kwangilar da ta fi kowace daɗi, domin babu mai iya zuwa ya ƙirga tifa nawa aka kwashe jiya, shaidar ta riga ta tafi juji, ko ba ta tafi ba. Gini ana ganinsa, rijiya ana leƙa ta, shara kuwa sai abin da aka rubuta a fayil. Saboda haka sharaɗin farko na kowace hukumar haɗin gwiwa shi ne sikeli a ƙofar juji, da allo a kowace sakatariya da ke nuna abin da kowa ya zuba da abin da aka kwashe a wata. Jiha kuma ta koma matsayin mai sa ido da hukunta wanda ya saɓa, ta daina zama ita ce mai shara, ita ce mai duba mai shara.

Ku kuma 'yan'uwana masu zaɓe, musamman ƙungiyoyin unguwa da ke ta fama da baro da shebur da kuɗin aljihunsu, lokaci ya yi da za mu canza tambaya. Duk wanda ya zo neman kujerar kansila ko ciyaman, kada a tsaya a kan zai kwashe mana bola. Kowa zai ce zai kwashe. A tambaye shi ina zai kai ta, da wa ya yi magana a can, nawa zai biya su. Idan ya fara kame-kame, an gane shi.

Bolar layinmu dai tana nan. Bara da ruwa ya yi ƙarfi ta toshe kwatar, ruwan ya shiga gidaje a ɓangarorin biyu, bai tambayi kowa katin zaɓensa ba. Washegari jami'ai suka zo daga sakatariya biyu, kowanne da littafinsa, kowanne ya tsaya a nasa gefen kwatar yana rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafin tabarma da buhun shinkafa. Mai unguwa ya ce da su tunda Allah ya haɗa su wuri ɗaya, ko za su duba bolar su yanke shawarar mai ita. Suka ce ba aikin da ya kawo su ke nan ba.